Yadda za ku haɗa bikin kimiyya da fasaha a jami'a, wanda iyaye za su zo da yaransu

Tun lokacin da na saka hotunan taron da munka yi wa yara mutane ke ta biyo ni inbos, wasu ɗalibai ne wasu malamai, kowa tambayarshi ɗaya, wai yaya kunka yi har mata sunka fito da goyo sunka wuni cikin makaranta. To na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, ga shi nan na rubuta gaba ɗaya, wanda zai yi amfani da shi bismillah. Sau biyu na shiga irin wanga aikin a nan Kebbi, na farko mun sha kunya, na biyu ne Allah ya rufa asiri.

Abin da nake nufi da bikin shi ne rana ɗaya da jami'a za ta buɗe ƙofarta ga mutanen gari, yaro da uwarshi da kakarshi su shigo su taɓa abubuwa da hannunsu. Muna da makarantun ai. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tun 2006 take, jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi 2013, ga ta aikin gona a Zuru, ga foli ta Waziri Umaru, ga kwalejin ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Amma ka tambayi mai sayar da albasa da ke ƙofar makaranta mi ake yi a ciki, iyakar abin da zai ce maka shi ne "karatu suke yi." Shekara da shekaru shina kallon get bai taɓa shiga ba.

Fara da ranar, don nan ake fara faɗuwa. Kar ku kuskura ku saka shi tsakanin Maris da Mayu, wanda ya san Birnin Kebbi ya san zafi yana wuce digiri 40 a lokacin, kanofi kanshi komawa yake kamar tanda. Damina kuma iyaye suna gona, hadari na iya tasowa ya kwashe muku rumfuna. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu shi ne daidai, an gama girbi, mutane na da ɗan abin hannu, gari da sanyi. Ku duba kalanda kar ya faɗa cikin azumi ko makon jarabawa, kar kuma ya yi karo da ranar kasuwar da mutanen yankin ke ci. Asabar ta fi, amma ku sani Asabar yara na Islamiyya, don haka tun da wuri ku je wurin shugabannin Islamiyyun unguwa ku gayyace su su zo da ɗalibansu a jere, in ba haka ba za ku shirya komai ku zauna kuna kallon juna.

Izini kuwa a rubuce. Takarda zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, kwafi ga shugaban masu tsaro, kwafi ga kowane shugaban sashe da za ku ari kayanshi. Kar ku yarda da "ba komai, ku je ku yi" na baki, ranar da gilashi ɗaya ya fashe ba wanda zai tuna ya faɗi haka. Kuma ku nemi mai kula da lab tun kafin ku nemi farfesa, shi ke riƙe da makulli, shi ya san wane madubin ƙara girma ke aiki wane ne ya mutu tun bara. Ku girmama shi, ku saka sunanshi cikin kwamiti.

Gayyata ba fosta ba ce kawai. Fosta da Turanci a Facebook ɗalibai 'yan uwanku kaɗai za ta kawo muku. In kuna son mutanen gari sai kun bi ta hanyar da ake bi, ku je gaisuwa wurin hakimi ko mai unguwa, ku roƙi limamai su yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ku kai sanarwa gidan rediyo da Hausa, ku yi saƙon murya na WhatsApp da za a riƙa turawa gurup ɗin mata. Kuma ku faɗi abu uku ƙarara: kyauta ne, akwai wurin mata daban, za a tashi kafin la'asar sakaliya. Maigida ba zai bar iyalinshi su tafi wurin da bai san yadda aka tsara shi ba, wannan gaskiya ce ko mun so ko mun ƙi. Sannan mota. Jami'o'inmu yawanci bayan gari suke, ta tarayya ma can hanyar Kalgo take, mace mai yara biyar ba za ta hau kabu-kabu ba, kuɗin keke zuwa da dawowa kuma ya isa cefanen wuni. Ku roƙi bas ɗin makaranta ko biyu ne su riƙa jigila daga wuri sananne, wannan kaɗai zai ninka muku mutane.

Yanzu ga kunyar da na ce mun sha. Karo na farko, a wata makaranta da ba sai na kama suna ba, mun ce ƙarfe tara, babban baƙo bai iso ba sai sha ɗaya saura, sannan aka shiga jawabi, wanga ya gode wa wancan, wancan ya gode wa wanga, duk da Turanci, yara na zaune cikin rana da yunifom suna hamma. Kafin a buɗe rumfar farko an kira azahar, malamansu sunka kwashe su. Wallahi ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Saboda haka shawarata, ku buɗe rumfuna da zarar yaron farko ya shigo. Addu'a, maraba ta minti biyar da Hausa, shi ke nan. In manya sun zo a zagaya da su rumfa-rumfa su yi jawabinsu a can, ai hoton ma ya fi kyau.

To mu zo kan rumfunan, don nan ne zancen yake. Ƙa'idata guda ce: abin da yaro ba zai taɓa da hannunshi ba, kar a kawo shi. Kuma ku fara da abin da ke cikin madafin uwarshi.

Rumfar zoɓo ita ce sarauniya. A jiƙa zoɓo a tace, ba sukari ba kayan ƙamshi, a sirka da ruwa ya yi haske yadda za a ga launi sosai, a zuba a ƙananan kofuna masu garai-garai. Kofi ɗaya yaro ya matsa lemun tsami, sai ya ƙara ja ya yi haske. Ɗayan ya ɗiga ruwan kanwa, sai ka ga ya juye ya yi duhu ya koma wajen kore. Ya sake matsa lemu a kan wanda ya koma kore, jan ya dawo. Abin da ke faruwa shi ne launin da ke cikin zoɓo yana canzawa gwargwadon tsami ko kanwar da ke cikin ruwa, irin aikin da takardar gwaji ke yi a lab ke nan. Ku ajiye ruwan tsamiya, ruwan toka, ruwan omo, tsamin nono, yara su riƙa canka kafin su zuba. A wurinmu wata tsohuwa ta tsaya tana kallo hannu a baya, ɗalibar da ke rumfar na ta bayani, sai tsohuwar ta ce "yo ɗiyata ai shi ya sa muke jefa kanwa a miyar yakuwa ta kashe tsami." Yarinyar ta ce "Inna ai ke ce malamar, zo ki gaya musu," ta ba ta kujera. Har aka tashi Inna na nan tana koyarwa, da ƙyar jikokinta sunka janye ta. Abu ɗaya, ku saka babba ya tsare kofunan, don yaro in ya ga zoɓo sha zai yi, ko da omo a ciki.

Kusa da ita ku saka ta balan-balan. Ruwan lemun tsami ko khal a gorar roba, garin kanwa ko bekin soda cokali ɗaya a cikin balan-balan, a ɗaura a bakin gorar a ɗaga garin ya zuba, kumfa ta tashi balan-balan ta kumbura da kanta. Iskar kabon ce ke fita, irin wadda ke cikin lemun kwalba. Bekin soda ta fi saurin tashi, kanwa sai an daka ta lukui kuma wata ta fi wata ƙarfi, don haka ku gwada tun jajibiri. Komai ma ku gwada tun jajibiri, ba abin da ya kai ciwon tsayawa gaban yara talatin abu ya ƙi yi.

Sai madubin ƙara girma, maikuroskof. In sashe ya ba ku guda uku kun gode Allah. Mi za a duba? Albasa mana, mu da ke da Aliero. A ɓare albasa a zare wannan siririyar fatar ta ciki mai kamar leda, a shimfiɗa a gilashi, ɗigon ruwa ko na aidin, a rufe. Yaro zai ga ɗakuna-ɗakuna a jere kamar an jera tubali, ka ce mishi kowane abu mai rai da irin waɗanga ɗakunan aka gina shi, har kai. A madubi na biyu ku saka ɗigon ruwan kududdufi ko na fadama wanda ya kwana biyu a kwalba. Nan ne ake ihu, don za su ga abubuwa suna yawo suna juyi a cikin ɗigon da ido ke gani kamar ba komai. Ba sai kun yi wa'azin wanke hannu ba, ku dai ajiye buta da sabulu a gefen teburin za ku ga layi. Yaro ƙarami bai iya rufe ido ɗaya ba, ku nuna mishi ya dafe da tafin hannu, kuma ku saka benci ya taka. Ku nemi madubi mai amfani da hasken rana ko mai batir, kar ku dogara da wuta.

Daga nan ruwa ya kai mu ga zogale. Ruwa mai laka kwalba biyu, ɗaya a bar shi, ɗaya a daka ƙwayar zogale busasshiya a zuba a juya sosai, a ajiye. Bayan kamar awa ɗaya lakar ta kwanta ƙasa sama ya yi garau. Ku haɗa shi da safe ku ce su dawo su gani. Amma ku faɗa da babbar murya cewa garau ba shi ne tsabta ba, sai an tafasa ko an saka magani kafin a sha, kar wani ya tafi gida da rabin ilimi.

Rumfar tukunya cikin tukunya ita ce iyaye maza sunka fi tsayawa. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a saka tumatir da alayyafo ciki. Ma'aunin zafi ɗaya a ciki ɗaya a waje, yaro ya karanta da kanshi ya rubuta a allo. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke tafiya da zafin, dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan, kuma ya fi aiki lokacin da iska ta bushe kamar hunturu. Ku gaya musu wani malami ne daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wagga dabara har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Yara na buƙatar jin cewa mai irin sunansu ya yi abu duniya ta san shi.

In a Kebbi kuke kuma ba ku yi rumfar gora ba kun yi asara. Babban baho cike da ruwa, goran masunta guda, ku ce yaro ya danna shi ƙasa ya ji yadda ruwa ke turo shi sama. Kowa ya san hoton Matan Fada, kogin Argungu, masunta kwance kan gora da homa (ragar kamun kifi) a hannu, bikin kamun kifin da anka fara tun 1934 kuma UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya a 2016, amma ba kowa ya taɓa tambayar mi ya sa gora ke ɗaukar ƙato ba. Ku ba kowane yaro curin yumɓu, ya jefa ya nutse, ya ciro ya buɗe shi kamar ƙoƙo ya ɗora a hankali ya ga ya tsaya a sama. Yumɓu ɗaya, nauyi ɗaya, siffa ce ta canza. Sai a yi gasa, jirgin wa zai ɗauki tsakuwa mafi yawa kafin ya nutse. Za su jiƙe sharkaf, ku gaya wa iyaye tun a sanarwa kar a sako musu kayan sallah. In kun samu Basarke, wato masuncin gado, ya zo ya nuna yadda ake riƙe homa, to kun gama.

Maganaɗisu da yashi, gilashin da ke tara hasken rana ya ƙona takarda, ƙwai da ke tasowa in an zuba gishiri a ruwa, aidin da ke mayar da koko baƙi-shuɗi saboda sitaci, duk waɗanga teburi ɗaya ya ishe su.

Ɓangaren fasaha kuma kar ku mayar da shi kamar ɗan kishiya, a jefa shi can lungu. Ni a ganina a cakuɗa su, don masu sana'ar hannu su ma kimiyyar suke yi. Ku gayyato marini da baba, a yanka farin ƙyalle ƙanana, yaro ya ƙulla da zare ya tsoma, ya fito kore-kore sannan a gaban idonshi iska ta mayar da shi shuɗi. Ya kwance ƙullin ya ga zanenshi, ya tafi da shi gida. Mai ginin tukwane ta zo da yumɓu, mai saƙar faifai da kaba, mai zanen ƙwarya ya nuna amma shi kaɗai zai taɓa ƙarfen wuta. Mai lalle za ta tara 'yan mata fiye da kowa, ku ba ta wuri mai faɗi. Ku zube kara da ƙaya da langa-langa a tabarma ku ce a ƙera mota, za ku sha mamakin abin da yaran ƙauye za su fitar, da yawa sun fi ɗaliban injiniya hannu, kar dai su ji na faɗa. Mai kalangu ya nuna yadda matse tsarkiya a hammata ke ɗaga murya, a barbaɗa gero a fatar ganga a buga su ga yana tsalle, wannan shi ne sauti ido na gani. Amma ku san mutanenku, kiɗan nuni ne na 'yan mintuna, in kun mayar da wurin gidan biki da lasifika wasu iyayen ba za su sake ba ku yaransu ba.

Rumfar rubutu ma tana da daɗi. Alƙalamin kara, tawadar da yara za su ga an haɗa da gawayi da ƙaro, kowane yaro ya rubuta sunanshi da ajami da boko a kati ɗaya. Ƙasar Gwandu muke, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, rubutu ba baƙonmu ba ne. A nan almajirai ke haskawa, kuma za su zo ko kun gayyace su ko ba ku gayyace su ba, don haka gara ku je wurin malaminsu ku gayyace su da mutunci, a gaya wa masu gadi kar a kore su. A gefe a shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiya, wata Gwaggo mai baki ta yi tatsuniya da kacici-kacici ga ƙanana, uwaye su samu su huta.

Ɗaliban da za su tsaya a rumfuna sai kun zauna da su kwana biyu kafin ranar. Matsalarsu ɗaya, sun san abin da Turanci amma ka ce su faɗa da Hausa sai a fara in'ina. Ku sa kowa ya yi bayanin rumfarshi cikin minti ɗaya kamar yana gaya wa ƙanenshi ɗan aji uku, duk wanda ya saki kalmar lakca a tsayar da shi ya sake. Kowace rumfa a samu mace a samu namiji, uwa ta fi sakin jiki ta matso in ta ga 'yar uwarta. Kuma Kebbi ba Hausa kaɗai ake ji ba, in kuna da ɗalibai masu Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci ku rubuta a katin ƙirjinsu. A riƙa canjin mutane duk awa biyu, maimaita abu ɗaya sau hamsin ba wasa ba ne.

Ruwan sha ya fi komai, ku tanadi fiye da lissafinku. Banɗaki na mata daban da butoci da wanda zai riƙa duba shi, wurin alwala da sallah, teburin ma'aikacin asibitin makaranta da kayan ɗaurin ciwo. A bakin get ku liƙa wa kowane ƙaramin yaro salatif a riga da lambar wayar wanda ya kawo shi, yaro sai ya ɓata, ba makawa, mu yara huɗu sunka ɓace mana kuma lambar nan ce ta cece mu. Get ɗaya na shiga, a sanar da 'yan sanda tun da wuri, kun san halin da ake ciki, waɗanda sunka zo daga nesa a sallame su da rana tsaka su isa gida ido na ganin ido. Abinci kuma kar ku ɗora wa kanku, ku ba masu masa da ƙosai da awara da kunun zaƙi wuri su sayar, ku dai roƙe su kar su ƙara kuɗi.

Kuɗin shirin ba su kai yadda ake tsoro ba in kun bi wagga hanya, mafi tsada kanofi da kujeru da man bas. Ku nemi taimako da kaya maimakon kuɗi, mai gidan ruwa ya ba da fiyawata, mai kanofi ya rage, tsofaffin ɗalibai su ɗauki mai. Duk abin da anka karɓa a rubuta, mutum biyu su sa hannu, bayan taro a karanta wa kwamiti. Kun san mu da zancen kuɗin kwamiti.

In makarantar na da na'urar hangen taurari, ku yi ƙaramin zama bayan magariba ga mazauna kusa da 'ya'yan ma'aikata kawai. Ku daidaita shi da bakwai ko takwas ga watan Musulunci, lokacin wata na rabi kuma yana sama tun faɗuwar rana, inuwa na fito da ramuka da duwatsun da ke kanshi. Daren sha huɗu haske ne kawai zai cika ido. Ku gaya musu nisanshi wajen kilomita 384,000 ne. In hazo ya yi yawa ku haƙura, kuma da rana a rufe na'urar a ɗaki, yaro ɗaya ya leƙa rana da ita idon ya tafi ke nan.

Da an tashi kar kowa ya gudu. Kayan lab su za a fara ƙirgawa a gaban mai lab ɗin, a mayar a daren ya sa hannu, ruwan omo da na kanwa a zubar nesa da inda awaki ke kiwo, a tsince ledar fiyawata tas. Washegari ku koma wurin hakimi da limamai da malaman Islamiyya da Innar rumfar zoɓo ku yi godiya, ku tafi da hotunan da kunka wanke ku ba su, ku karɓi lambar marinin da mai tukwane ku ajiye a littafin kwamiti don waɗanda za su gaje ku baɗi.